Kurakuran da masu koyon metta suka fi yi

Mabiya addinin Buddha a Sri Lanka, Tailan da Myanmar (Burma) suna da wani horon zuciya da suke kira metta. Mutum zai zauna shiru yana maimaita fatan alheri a ransa, ga kansa da sauran halittu, har fatan ya zame masa jiki. Malami Buddhaghosa, wanda ya yi rubutu a Sri Lanka a ƙarni na 5, ya tsara hanyar a littafinsa Visuddhimagga, kuma tun lokacin ya san inda ɗalibai ke tuntuɓe.

Gaggawa ce kan gaba. Sabon shiga yakan ɗauko maƙiyinsa tun zaman farko, sai ya tashi zuciyarsa na tafasa. Tsarin shi ne ka fara da kanka, sai wanda kake girmamawa kamar malaminka, sai aboki, sai wanda ba ku da wata hulɗa, maƙiyi ya zo ƙarshe. In fushi ya taso, koma kan wanda ya gabata har ranka ya kwanta. In ya ƙi, tuna cewa mai fushi tamkar wanda ya ɗauki garwashi ne da hannu zai jefi wani: shi wuta za ta fara ci. An ma ba da shawarar ka yi wa maƙiyin kyauta.

Wasu kuma sukan tsallake matakin farko, wai yi wa kai fata son kai ne. A'a. Kanka ne shaida: yadda kake gudun wahala, haka kowa.

Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da mai yinsa ke ɗauka ci gaba ne. Kowane hali nagari yana da maƙiyi na kusa, mai kama da shi. Na metta shi ne sha'awa da son mallaka, shi ya sa aka hana mai farawa ya sa wanda zai iya sha'awa a gaba. Na karuna, wato tausayi, baƙin ciki ne, inda za ka nutse cikin damuwar wani har ka kasa amfanar da shi. Upekkha kuwa, daidaiton zuciya, sau da yawa halin ko-in-kula ne ke shigar burtu da sunansa.

Don haka bayan kowane zama, tambayi kanka: da alherin mutumin nan yana cikin ya yi nisa da ni, zan ci gaba da yi masa fatan? In amsar a'a ce, koma kan malaminka ka sake daga nan.