Babi na 6: Idan Kiliya Ta Ɓaci a Jikin Mota

Kiliya ita ce feshin ƙarshe da ake yi wa mota. Ba ta da launi. Ita ke sa mota ƙyalli, ita ke kare fentin da ke ƙasa daga rana da ruwan sama. Kafin ka buɗe gwangwani, sa takunkumi mai matatar iska. Ƙyalle ba ya tare gubar hadina, wato sinadarin da ake haɗawa da kiliya don ta yi tauri, kuma gubar tana lalata huhu. Buɗe ƙofa da taga.

Darasi na 1: Jira

Karanta jikin gwangwani tukuna. Wata kiliyar kashi 2 ake zubawa da hadina kashi 1, wata kashi 4 da 1. Idan karatun ya yi maka nauyi, nemi wani ya karanta maka. Babu kunya a ciki.

Riƙe bindigar fenti nesa da mota kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Yi feshi na farko siriri. Sai ka ajiye bindiga, ka jira minti 10 zuwa 15.

Me ya sa? Akwai tina, wato ruwan da ke tsinka fenti, a cikin kiliya, dole ta fita ta bi iska. Idan ka rufe ta da feshi na biyu, ta rasa hanya. Ko kiliyar ta yi nauyi ta dalalo, ko gobe ka tarar da ƙananan huji kamar na tsinin allura.

Saboda haka jira. Duba agogo, kada ka ƙiyasta da ka. Idan lokaci ya cika, taɓa takardar da ka rufe gilashi da ita, ba jikin mota ba. Idan tana da ɗanko amma ba ta biyo yatsa ba, ci gaba. Idan ta biyo yatsa, koma ka zauna. Da sanyi ko damina jiran ya fi tsawo. Sake karanta wannan sakin layi. Yawancin masu koyo a nan suke faɗuwa, kai ma za ka iya wucewa. Fesa, ajiye bindiga, duba agogo, taɓa takarda.

Darasi na 2: Idan ta dalalo

Kada ka goge da tsumma tana ɗanya! Na sha ganin mai koyo ya kai hannu da sauri, ya kwashe har fentin ƙasa, ƙofa guda ta tashi aiki. Bar ta ta bushe, aƙalla awa 24. A nan ma jira ne.

Washegari jiƙa sanfefa mai lamba 1500, naɗe ta a ɗan katako mai lebur, ka goge kan tudun kawai, kana zuba ruwa. Share, ka duba. Idan wurin ya daidaita, koma lamba 2000, sannan folish. Yi hankali da gefen ƙofa, kiliyar wurin ba ta da kauri.

Wasunku za su karanta wannan su kuma goge bayan awa biyu. Gaggawar me kuke yi? An faɗa, an maimaita. Wanda bai iya haƙurin kwana ɗaya ba, kada ya ɗora wa kiliya laifi.

Darasi na 3: Ɓawon lemo

Idan jikin ya yi gurji-gurji, kiliyar ta yi kauri, ko iskar bindiga ta yi kaɗan, ko ka yi nisa da bindiga. Gyaransa irin na Darasi na 2 ne.

Darasi na 4: Idon kifi

Ƙananan ramuka masu zagaye. Maiƙo ne ya jawo. Goge wurin da sanfefa, wanke da maganin cire maiƙo, sake fesawa. Zubar da ruwan tankin kwamfareso, wato injin da ke ba bindiga iska, kullum.

Darasi na 5: Dusashewa

Idan ƙyallin kiliya ya dusashe, laima ce. Kada ka yi feshi ranar da ake ruwa.