Matakan Rage Tsamin Baki Wajen Furta "S"

1. Ka tsaya gaban madubi ka ce "sabulu". In ka ga kan harshenka ya leƙo tsakanin haƙora, to nan matsalar take.

2. Mayar da shi bayan haƙoran sama, kusa da dasashi, haƙora kusan a haɗe. Ka yi ta cewa "t-t-t", sai ka saki iskar ta ƙarshe a hankali ta tsakiyar harshe. Wannan sautin da ya fito siriri, shi ne "s". Kada ka yi gaggawar wuce wannan matakin, nan ne aikin yake. Minti 5 kullum ya fi awa guda ranar Lahadi.

3. Ɗauki muryarka a waya, ka saurara. Da farko ba daɗi, kowa haka yake ji.

4. Fita da sautin "s" ɗin waje. Ka tsayar da mai keke ka ce "Taminus" (wani wuri ne a tsakiyar Jos), ka tambayi mai shago kuɗin sukari. Wani zai yi dariya, mutanen Jos akwai tsokana. Maimaita maganarka kawai, kada ka ba da haƙuri.

5. In an yi watanni ba canji, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, a duba jinka da harshenka.