Yadda ake yin sokawen ruwan wanka da na wanke-wanke

A garuruwan da ke kewaye da Zariya, irin su Bomo da Dakace, ruwan wanka da na wanke-wanke rariya yake bi ya fita lungu, ya kwanta ya zama dagwalo, sauro ya samu wurin hayayyafa. Da damina ta kankama sai ruwan sama ya kwashe shi zuwa Kubanni ko Galma, kuma da ruwan waɗannan koguna ake ban ruwan latas da kabejin da muke ci. Daga gida za a tare shi, da rami nasa na kansa da zai riƙa tsotse shi, wato sokawe, ba a haɗa shi da masai ba.

Fara da zaɓen wuri. Ka auna mita 30 daga kowace rijiya, har da ta maƙwabcinka, kuma ramin ya kasance ta gangare, ƙasa da rijiyar. Kada zurfin ruwan rani ya ruɗe ka. Tambayi masu gida inda ruwan rijiya ke kaiwa a watan Agusta, ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin nan da gindin raminka. Sannan ka tona ɗan rami ka cika shi da ruwa da yamma. In ka wayi gari ruwan na nan, laka ce, canja wuri.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, ni ma a nan na yi asara: maiƙo. Sokawena na farko bai shekara ba ya daina shan ruwa. Da muka buɗe, manja da kumfar sabulu da guntun tuwo sun like bangon ramin kamar an yi masa yaɓe. Ƙasar da maiƙo ya toshe ba ta gyaruwa, sabon rami muka tona.

Don haka kafin ruwa ya isa ramin, sa birkila ya gina maka ƙaramin akwati na bulo, kamu ɗaya da rabi ya isa, a shafe cikinsa da siminti. Bututun shiga ya zo ta sama. Na fita kuwa a sa masa gwiwa, wato lanƙwasasshen bututu mai kallon ƙasa, bakinta ya nutse cikin ruwan sosai amma kada ya taɓa ƙasa. Maiƙo zai taso sama, dusa da yashi su kwanta, ruwan tsakiya kaɗai ke wucewa. In birkila ya ce gwiwar ba dole ba ce, kada ka yarda, ita ce aikin gaba ɗaya. Murfin ya zama mara nauyi, wanda uwargida za ta iya ɗagawa, domin duk sati sai an kwashe maiƙon da tsohon ludayi an binne shi. Ni ranar Juma'a da safe na tsayar.

Ramin kansa ba wuya: faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi kamar biyu in ruwan ƙasa ya bari. A jera bulo ana barin ƙofofi tsakani, ba filasta. In kuɗi sun yi kaɗan, cika shi da fasassun bulo da manyan duwatsun marmara, suna aiki. A rufe da silab mai ƙarfi saboda yara, a ɗaga bakinsa kada ruwan indararo ya shiga.