Yadda zaka zaɓi otal kusa da tashar jirgin ƙasa in zaka je shagalin waƙa a Landan

Tunda aka fara saida tikitin wasannin bana mutum uku ne cikin ƙannenmu ɗalibai suka kirani da tambaya iri ɗaya, wai Yaya wane otal ne yafi kusa da O2, wato babban zauren nan na shagalin waƙa a Landan? Duk amsa ɗaya na basu, nace ku ajiye zancen kusa da O2 tukuna, ku fara gayamin a wace tasha jirginku zai saukeku, kuma wace rana ce wasan. Shekaru na kwashe ina sauka Landan daga Manchester saboda irin waɗannan tarukan, kuma abun da na gane shine lissafin otal daga ƙarfe sha ɗaya na dare ake fara shi, lokacin da aka kunna fitilu aka buɗe ƙofofi mutum dubu ashirin suka fito a tare kowa yana neman hanyar makwancinsa, ƙafarka tana zogi, cajin wayarka saura kaɗan. A wannan lokacin ne zaka san ko ka iya zaɓen otal.

Da farko dai kasan tasharka, dan Landan ba tasha ɗaya gareta ba. In daga Manchester ko Liverpool ko Glasgow ka taso Euston zaka sauka, kuma daga Manchester Piccadilly tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna. Mutanen Leeds da Newcastle da Edinburgh King's Cross. Nottingham, Leicester da Sheffield kuma St Pancras, wadda take manne da King's Cross titi kawai zaka tsallaka. Bristol da Cardiff Paddington. Wanda ya taso daga gida Najeriya ya sauka Gatwick akwai jirgin Thameslink da zai kaishi London Bridge cikin kamar rabin awa, in Heathrow ne ga layin Piccadilly ga layin Elizabeth.

Sai kasan inda wasan yake, kuma anan mutane da yawa suke ruftawa. Sunan O2 ba waje ɗaya bane. Akwai babban O2 ɗin mai farar rumfa a bakin kogin Thames, wanda aka buɗe a 2007 yana ɗaukar mutum wajen 20,000, tasharsa North Greenwich akan layin Jubilee. Amma akwai O2 Academy a Brixton, akwai O2 Forum a Kentish Town, akwai na Shepherd's Bush, kowanne a nashi ɓangaren garin, kamfanin waya ɗaya ne kawai ya saka musu suna. Dan Allah ka buɗe tikitinka ka karanta adireshin da kyau kafin ka biya ko sisi a otal.

Toh yanzu ka ɗauko taswirar Tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka saka yatsa ɗaya akan tashar da zaka sauka, ɗaya akan tashar wajen wasa, kabi layin dake tsakaninsu. Otal ɗinka akan wannan layin ya kamata ya zauna. Ni dokata bata wuce biyu ba, daga wajen wasa zuwa otal kada in canza jirgi, in ya zama dole sau ɗaya tak, sannan daga bakin tasha zuwa ƙofar otal kada ya wuce minti bakwai a ƙafa.

Bari in baka labarin abunda yasa nake nanata maganar layi. Zuwana na farko na kama ɗaki a wani otal mai Greenwich a cikin sunansa, hotunan sunyi kyau farashin da sauƙi, kuma sun rubuta cewa suna kusa da tasha. Gaskiya suka faɗa, kusa da tasha suke, amma tashar Greenwich ce, wadda ba akan Jubilee take ba, ita da North Greenwich suna ne kawai ya haɗasu. Da aka tashi wasa ga yayyafi ga sanyin watan Janairu, na tsaya a layin bas ni da ƙanwata, bas biyu suka cika a gabanmu suka tafi, ita kuma takalmin da ta saka ya riga ya yanketa a dunduniya tana ɗingishi tana cewa Yaya ba komai, ni kuma nasan da komai. Sai wajen ɗaya saura muka shiga ɗaki. Tun daga ranar in naga an rubuta kusa da tasha sai na tambaya wace tashar, akan wane layi.

In O2 zaka je, wuraren da nake dubawa duk akan Jubilee suke. Canary Wharf tasha ɗaya ce daga North Greenwich, kuma da yake unguwar bankuna ce otal ɗinsu da ma'aikata suke cika a ranakun aiki, dan haka Juma'a da Asabar sau da yawa farashi yana sauka, nasha samun ɗaki mai kyau a can da kuɗin da a tsakiyar gari ɗan akurki zai baka. Canning Town tasha ɗaya ta ɗaya ɓangaren, Stratford tasha uku. Wani abu da na lura dashi, in an tashi yawancin jama'a yamma suke nufa wajen tsakiyar gari, dan haka mai zuwa gabas wajen Stratford yafi saurin samun shiga jirgi. London Bridge tasha huɗu, Waterloo shida, su kuma sunfi tsada amma da safe daga London Bridge zuwa Euston ko King's Cross, ko daga Waterloo zuwa Euston, ba wani nisa, layin Northern ne kawai. Akwai babban otal a jikin O2 ɗin kansa, InterContinental, in aljihunka da nauyi bismillah, amma daren wasa ba na ɗalibi bane.

Wembley kuma wani sha'ani ne daban, dan filin mutum 90,000 yake ci kuma tashoshi uku ne suke amsa sunan. Wembley Park itace babba, layin Jubilee da Metropolitan. Wembley Stadium ta jirgin Chiltern ce mai zuwa Marylebone. Wembley Central kuma Bakerloo da Overground, tafi nisa da filin. Otal ɗin dake kewaye da filin da zarar an sanar da ranar wasa suke tashi sama, wani sa'in ninki biyu ko uku, kuma kafin kace kwabo sun ƙare. Ni bana ma dubasu. Baker Street nake nema ko Finchley Road, dan Metropolitan daga Wembley Park zuwa Baker Street bai kai kwata ba, kuma shi dai wannan layin yana wucewa ta Euston Square da King's Cross kai tsaye, kaga wanda yazo daga Leeds ko Manchester zai iya kama ɗaki a gefen tasharsa ya tafi wasa ya dawo bai canza jirgi ba, da safe kuma ya taka da ƙafa ya hau jirgin gida. Abu ɗaya zaka saka a lissafi, fita daga filin zuwa cikin tashar. Akan titin Olympic Way ake tsaida jama'a rukuni rukuni ana sakinsu kaɗan kaɗan dan kada tasha ta cushe, tafiyar minti goma sai ta cinye maka minti arba'in ko fiye kana tsaye a cikin mutane.

London Stadium inda Burna Boy ya cika a watan Yunin 2023 a Stratford yake, cikin filin da akayi gasar Olamfik ta 2012, kuma Stratford tasha ce mai layuka da yawa, Central, Jubilee, Elizabeth, DLR duk suna nan, ga jirgi mai gudu daga Stratford International zuwa St Pancras cikin kamar minti bakwai, dan haka nan bashida wahala. Filin Tottenham shine mai ɗan ciwon kai, tashar Tube ɗin da ake kwatance da ita, Seven Sisters akan layin Victoria, tafiyar kusan rabin awa ce a ƙafa, amma da ka shiga jirgin zai direka King's Cross ko Euston kai tsaye.

Yanzu maganar rana, wadda itace tafi komai kuma ita aka fi mantawa. Daren Juma'a da daren Asabar akwai jirgin dare, layuka biyar suna aiki har gari ya waye, Jubilee, Victoria, Central, Piccadilly da Northern. Sauran ranaku jirgi yana tsayawa jim kaɗan bayan sha biyun dare, ranar Lahadi ma yafi saurin rufewa. Kenan wasan Asabar da wasan Lahadi ko Talata ba lissafinsu ɗaya ba, na Asabar zaka iya tsayawa kaci abinci ka bari cunkoso ya ragu, na Talata kana fita tasha zaka nufa. Metropolitan baya cikin masu kwana suna aiki, in ka makara a Wembley sai dai Jubilee. Kuma Northern da daddare reshen Charing Cross ne kawai yake aiki, dan haka mai komawa Euston daga O2 bayan dare ya raba a Waterloo zai canza, kada ya sauka London Bridge. Sannan ka leƙa shafin TfL, wato hukumar sufurin Landan, da na National Rail na jiragen ƙasa masu zuwa wasu garuruwa tun kafin ka biya da kuma ana saura kwana biyu, dan ƙarshen mako ne suke rufe wasu layuka suyi gyara, kuma yajin aiki ana sanar dashi tun da wuri.

Wani zai ce me zai sa in kwana, in fito in kama jirgin ƙarshe mana. Na gwada. Wasa yakan tashi wajen sha ɗaya, mawaƙanmu na Najeriya kuma kowa yasan ba kasafai suke hawa dandamali akan lokaci ba, kafin ka fita ka shiga Tube ka isa Euston jirgin arewa ya daɗe da tafiya. Ko dai ka baro wasan da ka biya kuɗi masu yawa ana tsakiyar daɗi, ko ka ƙare a bas ɗin dare daga tashar Victoria kana gyangyaɗi har asuba.

Kaya. O2 da Wembley duk basa barin jakar da ta wuce girman takardar A4, dan haka jakar bayanka dole ta samu wajen zama. Yawancin otal sai ƙarfe uku na rana suke bada ɗaki, in jirginka ya iso sha biyu ka kira tun kana gida ka tambaya ko suna ajiye kaya kafin lokaci, dan ba duka suke yi ba, musamman masu araha. Manyan tashoshi suna da wajen ajiya amma kuɗi ne akan kowace jaka kuma suna da lokacin rufewa, ka tambayi ƙarfe nawa suke tashi kafin ka miƙa. Ka tambaya kuma ko akwai mutum a risefshan duk dare, akwai ƙananan gidajen da lambar ƙofa kawai suke turo maka a waya, in cajinka ya mutu a wajen wasa ka tsaya a waje kenan. Ka rubuta lambar da adireshin a takarda ka saka a aljihu, kuma ka tafi da ƙaramin fawa bank.

Wajen biya ka zaɓi farashin da ake iya sokewa ko da yafi tsada da 'yan fam, Premier Inn da Travelodge duk suna da irin wannan zaɓin, dan ana ɗage wasa, mawaƙi yana rashin lafiya, biza tana makara. Kuɗin tikiti za'a iya maida maka, na otal mara sokewa ya tafi. Ni ranar da aka sanar da wasa nake kama ɗaki tun kafin in samu tikiti, in ban samu ba in soke.

Ɗakin kansa, kusa da tasha yana nufin ƙarar jirgi, ka roƙi ɗakin da baya kallon layin dogo. Ka karanta bayanin da kyau dan akwai ɗakuna marasa taga kwata kwata, akwai na ƙarƙashin ƙasa, tsofaffin gidajen wajen Paddington da King's Cross da yawa basu da lifta, kuma da yawa basu da na'urar sanyaya ɗaki, wanda a watan Yuli zaka ji a jikinka. Buta babu, ka ajiye robar ruwanka kada ka yar. In ranar Juma'a ka iso, masallacin Regent's Park bashida nisa da Baker Street, na East London kuma yana Whitechapel, kuma a nan Whitechapel ɗin da Edgware Road abincin halal har dare, dan bayan wasa yunwa ce zata taso maka ta gaske kuma kicin ɗin otal ya rufe.

Ke kuma 'yar'uwa in ke kaɗai zaki je ko ku biyu, ki buɗe Google Maps ki bi hanyar daga tasha zuwa ƙofar otal a hoto tun kina gida, ki ga babban titi ne mai shaguna da fitilu ko lungu ne ta ƙarƙashin gada. Gara minti takwas akan babban titi da minti uku ta bayan gareji. In kin iso da rana ki taka hanyar sau ɗaya da ƙafarki ki gane wace ƙofar tashar ce taki, dan King's Cross da Waterloo da London Bridge ƙofofinsu da yawa kuma wasu ana rufesu da daddare. Ki tura wa wani na gida sunan otal ɗin da lambar ɗakin, ki saka takalmin da zaki iya tsayuwar awa biyar dashi, mai tsinin ki barshi a ɗaki.