Yadda na tare gangaren filina a Ikorodu

Filin da na gina gida a kansa a Ikorodu yana da gangare, bayansa ya fi gabansa tudu da kusan mita 2, kuma ƙasar ja ce mai riƙe ruwa. Magina sun ba da shawarar a ja katanga ɗaya ta bulo mai inci 9 a cika bayanta da ƙasa, amma injiniyan da na tuntuɓa ya ƙi amincewa, domin a daminar Legas, musamman watan Yuni, ruwan da ke taruwa bayan katanga shi ne ke kayar da ita.

Abin da muka yi shi ne raba gangaren zuwa hawa biyu, kowanne kusan mita ɗaya. Dalili kuwa, ƙarfin da ƙasa ke tura katanga da shi ba daidai da tsawonta yake ƙaruwa ba. Idan aka rage tsawon zuwa rabi, turawar takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. An zuba harsashin kankare mai faɗi, aka ɗaure rodi daga cikinsa zuwa ramukan bulo, aka cika su da kankare. A baya aka zuba tsakuwa, aka bar ƙananan bututu a gindin katangar don ruwa ya riƙa tsiyayewa zuwa lambatu.

Kuɗin ya ɗan haura na katanga ɗaya, amma a ganina ya cancanta. A hawan sama na shuka jema, wadda saiwarta ke nutsewa ƙasa sosai, na ƙasa kuma alayyafo da ayaba.