Yadda Ake Buɗe Filashin da Ya Kulle, Ya Ƙi Karɓar Fayil

Ka soka filashi a kwamfuta, duk abin da ke ciki yana buɗewa lafiya lau, amma da ka yi ƙoƙarin tura fayil ko goge wani sai Windows ta jefo maka saƙo cewa "The disk is write-protected". Ma'anarsa an yarda ka karanta, an hana ka rubutawa. Kafin ka taɓa komai, kwashe duk fayilolin da ke ciki ka ajiye a kwamfuta. Kada ka ce sai an jima. Sau da yawa wannan kullewar ita ce alamar farko cewa filashi ya kusa mutuwa, kuma damar karantawar da ta rage maka ba ta da tabbas.

Bayan nan aikin shi ne gano wanda ya sa makullin. Wuri uku ake dubawa: jikin filashin, kwamfutar da aka soka shi, ko ƙwaƙwalwar da ke cikin filashin kanta. Gwaji mafi sauri shi ne ka kai shi wata kwamfutar, sannan ka soka wani filashi dabam a taka. Idan naka ya yi aiki a can, laifin na kwamfutarka ne. Idan ya ƙi a ko'ina, matsalar tana jikinsa.

Fara da dubawa da ido. Wasu filashai, musamman tsofaffi, suna da ɗan maɓalli a gefe mai hoton kwaɗo. Katin SD babba shi ma yana da ɗan abin turawa a gefen hagu da aka rubuta masa "Lock"; idan ya zame ƙasa, kati ya kulle. Abin lura shi ne wannan maɓallin na SD ba a haɗa shi da wata waya a ciki ba, na'urar karanta katin ce take lalubarsa. Don haka idan ya yi sako-sako, yana iya zamewa da kansa duk lokacin da aka tura katin. Ɗan siririn salatif ya isa ya riƙe shi a sama. Ƙaramin kati microSD ba shi da maɓalli, sai dai gidan da ake saka shi, to sauya gidan ka gani.

Idan babu maɓalli, sai a koma kan Windows. Rubuta cmd (tagar rubuta wa Windows umarni) a wurin bincike, danna dama a kansa, ka buɗe shi da izinin mai gudanarwa, wato Run as administrator. Sai ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana danna Enter:

diskpart
list disk
select disk 1
attributes disk

A nan ake buƙatar natsuwa. Lamba 1 misali ce kawai. Dubi girman kowane faifai a jerin da ya fito, ka zaɓi wanda ya dace da filashinka. Mai gigabait 16 zai nuna kusan 14 ko 15. Disk 0 galibi shi ne faifan kwamfutar kanta, kada ka kusance shi.

Amsar da umarni na ƙarshe ya bayar ita ce za ta faɗa maka gaskiyar lamari, kuma mutane da yawa suna tsallake ta. Layi biyu za ka duba: "Current Read-only State" da "Read-only". Idan duka biyun sun ce Yes, alama ce aka ɗora wa faifan, kuma cire ta ba wuya. Rubuta attributes disk clear readonly, sannan exit, ka zare filashin ka mayar. Amma idan na farko ya ce Yes, na biyu ya ce No, to diskpart ba shi da abin da zai cire. Ko ya nuna maka ya yi nasara, filashin zai ci gaba da ƙi, domin hanin daga wani wuri yake zuwa.

Wurin na iya zama rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunanta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta regedit, ka bi wannan hanya: HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\StorageDevicePolicies. Idan ka tarar da WriteProtect yana ɗauke da 1, mayar da shi 0, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Idan kuwa ba ka ga StorageDevicePolicies ba sam, to ba a nan matsalar take ba, kuma ƙirƙirarsa da ake yawan ba da shawara ba ya ƙara komai. Kada ka sauya wani abu a rajista bayan wannan.

Masu Windows Pro su buɗe gpedit.msc, shafin ƙa'idojin kwamfutar, kamar yadda aka buɗe regedit, su shiga Computer Configuration, Administrative Templates, System, Removable Storage Access, su tabbatar ba a kunna "Removable Disks: Deny write access" ba. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, mai yiwuwa da gangan aka sa wannan hanin don kare bayanai. Mai kula da kwamfutocin za ka yi wa magana.

A kan Mac labarin dabam ne. Filashin da aka tsara da NTFS, wato tsarin ajiye fayiloli na Windows, Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai, alhali lafiyarsa ƙalau. Mayar da shi tsarin exFAT ta Disk Utility, manhajar Mac ta tsara faifai, zai yi aiki a Mac da Windows duka. A Linux kuwa, umarnin dmesg zai nuna "Write Protect is on" idan filashin da kansa ne ya sanar cewa a kulle yake.

Wani lokaci tsarin fayilolin ne ya hargitse saboda an fizge filashi yana tsakiyar aiki. Gwada chkdsk E: /f a cikin cmd, kana sa harafin filashinka a madadin E. Idan bai gyaru ba, kuma ka riga ka kwashe kayanka, koma diskpart, zaɓi faifan, ka sake tabbatar da lambarsa, sannan ka rubuta clean, sai create partition primary, sai format fs=exfat quick, sai assign. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Nan take yake share tsarin faifan da aka zaɓa. Idan rediyon mota ko tsohon talabijin za ka soka wa filashin, tsarin FAT32 ya fi exFAT dacewa, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4.

Saura yanayin da ba a son ji. A cikin kowane filashi akwai ƙwaƙwalwar ajiya da kuma ɗan guntun da ke sarrafa ta. Ƙwaƙwalwar tana da iyakar yawan gogewa da sake rubutu da za ta iya jurewa. Idan ta gaji, ko mai sarrafawar ya ga kurakurai sun yi yawa, yakan rufe ƙofar rubutu da kansa don ya ceci abin da ke ciki. Alamarsa a fili take: yana ƙi a kowace kwamfuta, fomat, wato share shi a sake tsara shi, ba ya tafiya, wani lokaci ma ka goge fayil ya ɓace, da ka sake soka filashin sai ka gan shi ya dawo. Babu umarnin Windows da ke buɗe wannan.

Akwai manhajojin masana'anta da ke sake tsara mai sarrafawar, amma dole su dace da ainihin samfurinsa, yawancinsu kuma a shafukan da ba a yarda da su ba ake samunsu, tare da haɗarin kwaso cuta wa kwamfuta. Ko an dace ya buɗe, ƙwaƙwalwar da ta gaji tana nan a gajiye, bai kamata a sake ba ta amanar wani muhimmin abu ba. Idan filashin yana da garanti, mayar wa kamfanin. Sai dai ka tuna abin da ke ciki ba ya goguwa, don haka idan akwai takardun sirri, gara ka fasa shi, ka farfasa baƙin guntun da ke kan allon ciki kafin ka jefar.