Yadda na gyara kofin naitirojin ɗina da ya ƙi yin kumfa

Kofin naitirojin shi ne kofi na sha mai sanyi da ake dura wa gas ɗin naitirojin don ya yi kumfa. Sati 2 ina fama da keg ɗina, wato tulun ƙarfe mai famfo da ake jona wa gas, mai lita 19, na jiƙa kofi a ruwan sanyi awa 18 na tace na zuba na jona gas, amma in na buɗe famfo sai ya fito baƙi wuluk ba kumfa ba komai, ga wani ɗan tsami-tsami a baki. Wallahi abun ya dame ni sosai.

Tsamin dai laifin gas ne, ashe irin na giya aka cika min, kashi 75 naitirojin 25 CO2 (gas ɗin da ke cikin lemon kwalba), shi kuma CO2 in ya narke a kofi tsami yake sawa. Na koma zallan naitirojin.

Kumfar ce ta fi ba ni wahala. Ashe 12 psi (ma'aunin matsin gas) da na saita ya yi kaɗan, naitirojin baya narkewa a ruwa da sauƙi sai an haɗa masa sanyi da matsi, sai na ɗaga zuwa 35 psi, na sanyaya keg ɗin a firij zuwa digiri 3, na kwantar dashi a ƙasa ina mirginawa kamar minti 5 ina jin gas na shiga, na mayar firij kwana 2.

Duk da haka kumfar bata kai ba. Da na kwance bakin famfon sai ga ɗan faifai mai ƙananan huji 5 da kofi ke bi ta ciki ya yi kumfa, garin kofi ya toshe 3! Na wanke da ruwan zafi da tsohon buroshi, na sake tace kofin da takarda. Yanzu in na zuba sai kaga kumfa na gangarowa a jikin gilas, ta dawo ta taru a sama kamar kirim, kaurin yatsa.